Alkukan da Baba Ya Gina a Bakin Gulbi

Na Allah muke, wurinSa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu tafiya. Ya cika wata Talata da hantsi a gidansa na Tsibiri, cikin zafin bazara, ruwan fari bai sauka ba. Wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan rasuwar ubana, shi ya koya mani gini, shi ya yi mani aure. Ban taɓa kiran kowa Baba ba sai shi.

Mutane sun zo, ba laifi, sai dai kowa da abin da ya ɗauko a bakinsa. Tsofaffin magina abokansa suka zauna wuri ɗaya suna kallon hannuwansu, ɗaya yana ta maimaita cewa yau ƙasa ta rasa mai jin maganarta. Wasu samari masu sabon wa'azi suka ja gefe lokacin da aka fito da gawa, suna tambayar junansu da ƙarfi, don a ji, ko ya halatta a sallaci mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa coci yaɓe. Liman bai ko juya ba. Ya ce, "Shekara nawa wanga bawan Allah shina bayana a sahun farko? In ba ku yi, ku matsa ku ba mutane wuri."

Fasto ya zo daga Maraɗi da wasu tsofaffin mata uku. Ba su san inda za su zauna ba, sai suka tsaya ƙarƙashin dogon yaro can nesa da tabarmi, ɗaya daga cikin matan tana kukan da mu 'yan gida ba mu yi ba. Depite ma, ɗan majalisarmu, ya aiko direbansa da gaisuwa da buhun shinkafa. Da na hango motar sai na tashi na shige cikin gida, don ba ni iya kallonta.

A ciki na tarar da Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Jiratawa, wadda idanunta suka rufe shekaru da dama. Tana zaune a ƙofar ɗakinsa, ba ta kuka, magana ɗaya kawai take yi: "Wa zai kai ni gun Inna yanzu?" Mata suna ba ta haƙuri, sun ɗauka ruɗewa ce. Ni na san abin da take nufi. Uwarsu ba ta da kabari. Abin da take da shi a duniya alkuki ne guda, irin ramin nan da ake yi a bango don aza fitila, a jikin majami'ar bakin gulbi. Ni kuma, da hannun nan nawa, na toshe shi da siminti.

Sai na koma baya kaɗan don wanda bai san wurin ba ya gane.

Da can garin Maraɗi a cikin kwari yake, kafin ruwa ya ci shi mutane su hau tudu. Baba yana saurayi lokacin, Gwaggo ba a daɗe da yaye ta ba. Ya ce ranar da ruwan ya zo uwarsu ta miƙo masa yarinyar yana bisa reshen tsamiya, ta koma ta jawo wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Ba a sake ganinsu ba, ita da tsohuwar. An bi gulbi kwana da kwanaki bayan ruwa ya janye, ko zanenta ba a samu ba.

Kiristocin garin a lokacin ba su da yawa: 'yan akawu da kuku daga ƙasashen bakin teku, sai wasu Hausawa da suka warke daga kuturta a hannun turawa suka bi addininsu. Su ma ruwa ya tafi da nasu. Suka nemi fili a kan gaɓa, daidai inda ruwa ya tsaya, suka ce za su gina ɗakin ibada don tunawa da matattu. Suka zo wurin kakana, shi ne babban magini. Kakana ya ƙi, ya ce shi da gulbin nan har abada. Baba ya ce shi zai yi, amma da sharaɗi: bangon da ke kallon ruwa nasa ne. Duk wanda ruwa ya ci zai samu alkuki a ciki, Musulmi ne, arne ne, Kirista ne, tunda ruwan bai tambayi kowa addininsa ba.

Kai, gini ne! Wanda ya gan shi da ƙuruciyarsa ba ya mantawa. Ba bulo ko ɗaya, tubali ne zalla, na hannu, mai kama da tulu. Kaurin bango a ƙasa, mutum ya kwanta a gicciye ba a ganin ƙafarsa, yana hawa yana sirancewa. A ciki ginshiƙai huɗu, daga kowanne bakan gizo na azara ya tashi, suka haɗu can sama a tsakiya, sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi. Baturen da ya kawo zanen ya so ginin ya fito da siffar gicciye. Baba ya duba takardar ya ce ai zaure ne mai hannu huɗu, a ba shi wuri. Ya yi wa hasumiyar ƙararrawa zankaye irin na gidan sarauta, ya fitar da indararo dogaye don ruwa ya zuba nesa da gindi. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sanyi ne ke tarbonka.

Bangon gulbi ba taga a jikinsa. Alkukai ne a jere ta waje, layi bisa layi, talatin da wani abu. Kowanne Baba ya zagaye bakinsa da zane na yatsa, ba biyu da suka yi kama. Ba a rubuta suna ba, don Baba bai iya boko ba, kuma dangi da yawa ba su so a ga sunan nasu a jikin coci. Sunayen suna kansa. Ranar da gulbi ya fara kawo ruwa kowace shekara, Kiristoci suna kunna fitilu a ciki gaba ɗaya. Musulmi kuwa sukan zo ɗaiɗai a wasu ranaku, kamar hanya ce ta biyo da su, su tambayi Baba, ya nuna masu, su yi addu'a su wuce. Gwaggo shi ke zuwa ya ɗauko ta daga Jiratawa, ya kama hannunta ya sa a cikin alkukin uwarsu.

Ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara kafin damina. Baba bai taɓa fashi ba, kuma bai yarda a kira shi aiki ba. Yakan jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi ja, a kwaɓa da ƙasa. Ƙasar ma ba kowace ba. Sai ya ɗiba ya murza, ya sansana, ya lasa da harshe, in ba ta yi masa ba ya tofar ya ce, "Wagga maƙaryaciya ce, a mai da ta." In ya kai bangon gulbi ba ya barin kowa ya taya shi. Yana hawa tsani yana gaishe su ɗaya ɗaya kamar maƙwabta: "Wance, mun zo. Ina gajiya? Wane, yaya zafi? Ɗanka ya yi jika bana." Ya shafa bakin alkukin, ya sabunta zanen da yatsa, ya wuce na gaba.

Yana ɗaga murya ne don ni in ji. Shekara ashirin yana yi. Ni kuwa, gandamemen mutum da mata da 'ya'ya, ina can bakin ramin kwaɓa da rediyo a kunne, ina sauraren wa ya zagi wa a Yamai, wace jam'iyya ta ɓalle daga wace. Yakan ce, "Kai, kashe abin nan ka ji sunan mutane." In ce, "Ina ji, Baba." Wallahi ba na ji. Na san ɗaya daga cikin alkukan na kakata ne, ban taɓa tambayar wanne ba. Gani nake Baba na nan.

Bai taɓa shiga ginin da takalmi ba, ko da ba kowa. Ranar Lahadi ba ya zuwa kusa. In azahar ta yi ya sauka kan yashin gulbi ya yi sallarsa, ya dawo. Fasto, wanda ya girme ni da kaɗan, yana kiransa Baba Magini, shi kuma yana ce masa malamin Lahadi. Sun taɓa ɓatawa sosai lokacin da fasto ya zo sabo ya ce a yaye rufin a sa kwano. Baba ya ce, "Kana so ka gasa mutanenka kamar masara? To ka bari in mutu." Damina guda ba su gaisa ba. Amma da lokacin yaɓe ya yi, sai ga Baba da tsaninsa, ya wuce fasto a ƙofa kamar bai gan shi ba. Fasto ya aika aka damo masa fura, ya sha bai ce an gode ba, shi ke nan sulhu.

Sai zamani ya juya. Aka ce an samu dimokuraɗiyya, kowa ya samu baki. Jam'iyyu suka cika gari, ma'aikata wata da watanni ba albashi, lakwal a rufe yara ba karatu, darajar kuɗin sefa ta karye. Samari ba aikin yi sai kabu-kabu da babur da sayar da fetur a kwalba. Wa'azi ya yi zafi, kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifin wahalarsa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, muna tsakar yaɓe, muka ji ihu yana tahowa. Samari ne da yawa, da sanduna da kwalaben fetur. Ba zan yi ƙarya a ta'aziyyar Baba ba: ni dai na faɗa cikin ramin kwaɓa na lafe. Shi kuwa ya sauko daga tsani a hankali, hannunsa duk laka, ya ƙura wa na gabansu ido.

"Kai, ba jikan mahaucin nan ba ne na bakin kasuwa?"

Saurayin ya ce, "Tsoho, kauce. Ba da kai muke ba."

"Da ni kuke mana, ni na gina. Zo nan." Ya kamo hannunsa, da kwalbar da komai, ya ja shi jikin bango. "Wanga rami na yayar kakanka ne. Da ciki ruwa ya tafi da ita. Zuba mata fetur ɗin, ina kallo. Kai kuma mai jar hula, naku biyu ne, ga su can sama."

Haka ya bi su yana faɗa wa kowa nasa. Ihu ya mutu. Wani daga baya ya jefi ƙofa da dutse don kada a ce sun zo a banza, suka watse. Baba ya leƙo ramin ya gan ni cikin laka har wuya. Bai ce mani komai ba sai, "Tunda kana ciki, ƙara tattaka ta."

Ginin da wuta ta bari, ni na kashe shi, kuma cikin murna aka yi.

Zaɓe ya matso. Wani ɗan takara daga cikin manyan alhazan gari, wanda ya zama depite daga baya, ya tuna Kiristoci ma suna da ƙuri'a. Ya aiko kamiyo, babbar mota, cike da siminti, kyauta, a yi wa majami'a filasta a huta da yaɓe. Dattawan coci suka yi ta godiya. Ban ga laifinsu ba, samarinsu duk sun tsallaka Najeriya neman abinci, ba masu ɗaukar laka. Suka kira ni, don na koyi aikin siminti a ginin kantunan kasuwa. Ni kuma na daɗe a zaune ba wanda ya ce in aza masa bulo ko ɗaya. Na karɓa tun ba su rufe baki ba.

Baba ya hau kabu-kabu, abin da ya tsana, ya zo har wurin taronsu. Ya ce, "Ƙasa numfashi take. Tana shan damshi da damina, ta fitar da shi da rani. In kunka toshe mata hanci, za ta ruɓe daga ciki kuna ganin waje fes."

Wakilin ɗan takara ya yi dariya ya ce Alhaji yana son bango sumul, a shafa farin fenti, a riƙa hango shi daga hanya. Ramukan nan kuwa gidan jemage ne da kunama, a cike su. Baba ya juyo gare ni ya ce, "Faɗa masu, ai ka sani."

Na sani ɗin. Amma na ce, a gaban mutane, "Baba, zamani ya canza. Ku huta hakanan."

Ya ce, "To ku yi sauran. Bangon gulbi nawa ne, da sharaɗi anka ba ni."

Waɗanda suka yi sharaɗin da shi duk sun mutu. Na yi bango uku. Na jira har Baba ya tafi Jiratawa gyara wa Gwaggo rumbu, kwana uku, na ɗebo ma'aikata muka cusa duwatsu cikin alkukan, muka bi da siminti. Ina yi ina gaya wa kaina suna nan a ciki, ba inda suka tafi.

Da ya dawo ya same ni ina wanke kayan aiki. Ya tafi jikin bangon ya aza tafinsa, ya bi shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na shirya jin zagi, har na tanadi amsa. Ya ce, "Ka yi shi da kyau. Hannunka ya faɗa." Ya sa takalminsa ya tafi. Bai sake taka wurin ba, bai kuma sake yi mani maganar ba. In na je gaishe shi ya tambayi yara, ya sa a kawo mani tuwo, ya tsame naman miyarsa ya sa a tawa kamar yadda ya saba. Da ya mare ni da ya fi mani sauƙi.

Damina uku aka yi. A ta ukun fasto ya kira ni ya ce in ƙwanƙwasa bangon. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ganga. Fenti ya yi tabo daga ƙasa har tsayin ƙirji, ciki yana warin ruɓa. Na tafi Tsibiri na faɗa wa Baba kaina a ƙasa. Bai ce na faɗa maka ba. Ya ce, "Ƙasar gumi take yi ba ƙofar fita. Rani na kamawa ku ɓamɓare simintin duka, ta sha iska. In ina da rai in zo mu tada alkukan."

Rani ya kama, ban ɓamɓare ba. Dattawan coci suna tsoron kada depite ya ji an cire kyautarsa. Ni kuma ina jin kunyar gari ya gan ni ina rushe aikin da na yi taƙama da shi. Na ce baɗi. Sau nawa na zauna gaban Baba da niyyar in ce, wanne ne na kakata? Sai in tuna tambayar tana nufin shekara ashirin yana magana ga bango. In haɗiye. Ranar da na iya furtawa, ciwo ya riga ya shanye masa ɓarin jiki, harshe ya karye. Ya ɗaga hannun da ya rage yana ƙirga wani abu a iska, leɓensa na motsi. Ban gane ko ɗaya ba. Hannun ya gaji ya sauka.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya wa mutane ɗaki, Ya haɗa shi da uwarsa.

Washegarin sadakar bakwai Gwaggo ta kira ni. Ta ce, "Ɗauko mota, ka kai ni. Tun da baƙin nan sunka zo sunka shafe bangon ban je ba."

Na ce, "Waɗanne baƙi, Gwaggo?"

"Magina baƙi da 'yan siyasa sunka kawo daga nesa. Hakanan yayana ya gaya mani. Ya ce kai ma ka yi faɗa da su ba su ji ba. Ya ce kada in damu, kai ka san wurin, shekara ashirin shina karanta maka."

Na nemo mota.

Mun isa da safe. Fasto ya fito ya tsaya nesa. Gulbi yashi ne fari, amma gabas ta fara haɗa hadari. Bangon ya yi ciki, ya tsage daga sama har ƙasa. Na zaunar da Gwaggo a inuwa, na ɗauki guduma na tafi tsakiya, ina fatan in na ga zanen wani abu zai faɗo mani. Bugu biyu na yi. Siminti mai faɗin ƙofa ya ɓallo ya kife, ƙasa ta biyo shi tana zuba, baƙa, jiƙaƙƙiya, kamar dusa. Duwatsun da na cusa suka gangaro ƙafata. Ba alkuki, ba zane, ba ko alamar inda ɗaya ya ƙare wani ya fara. Na matsa gaba na sake bugawa. Haka. Na sake. Haka.

Gwaggo ta ce, "Mi ya faɗi?"

"Siminti ne nake cirewa, Gwaggo."

"Ka same ta?"

Na dubi fasto. Na sa yatsuna cikin ruɓaɓɓiyar ƙasar daidai tsayin kafaɗa, na ƙwaƙule rami, na shafe bakinsa da tafin hannu. Na je na tashe ta, na kamo hannunta na sa a ciki.

Ta laluba a hankali. Ta ce, "Ya yi sanyi. Zanen ma ya goge."

"Damshi ne, Gwaggo."

Ta matso da fuskarta kusa. "Inna, ni ce. Na daɗe ban zo ba, ki yi haƙuri. Ɗanki ya taho gunki, kin gan shi? Ya tsufa, kada ki kasa gane shi." Sai a lokacin kukan da ta riƙe kwana bakwai ya zo. Ta yi addu'a mai tsawo, hannunta cikin ramin da na haƙa yanzun nan, ƙasa tana zubo mata a damtse. Fasto ya juya ya shige ciki.

Da ta gama ta shafa, ta lalubo kaina ta dafa. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ka riƙe amanar ubanka." Na buɗe baki in ce amin, ya ƙi fita. Ina kallon tsagar nan da ta kai har gindin azara. Ni magini ne, na san bangon nan ba zai ga ƙarshen damina ba.

Muna tafiya wurin mota ta tsaya ta gyara mayafinta.

"Baɗi ma ka kawo ni, in muna da rai."

Na ce, "To, Gwaggo."